Ranar da Na Goya Surukina

Lokacin da abin nan ya faru na haura shekara hamsin, kuma na fi shekara ashirin ina kasa kaya a bakin titin Fordham, a unguwar Bronx, a Amurka. Laima, hula, tabarau, cajar waya, abin da lokaci ya kawo shi nake sayarwa. Ban yi boko ba. Wannan ma da baki na faɗa, wani ɗan'uwa ya rubuta, na ce kada ya ƙawata. Ni mutumin Adar ne, a Nijar, ƙasar dutse da ƙarancin ruwa. Na yi noma, na yi haƙar rijiya, na keta sahara a bayan mota, na kwana a tashar jirgi cikin sanyin da ke fasa leɓe. Wanda ya ga waɗannan ba ya saurin tsorata, kuma ba ya son yawan magana. Ina ganin taurin kaina ne ya kawo ni inda nake. Ban san shi ne zai kusa jawo ajalin dattijon da ya ba ni 'yarsa ba.

A sana'armu sama ita ce kasuwa. In ka fito da tabarau ranar ruwa ka yi asarar yini, in ka fito da laima kafin ɗigon farko ka sayar da kwali guda kafin azahar. Ni kuwa tun ina yaro na iya duban sama, domin a garinmu wanda bai iya ba gero ba ya kai shi baɗi. Da safe nakan dubi gabas, in shaƙi iska, in ce yau a fito da laima ko a bar ta. Sau da yawa ina dacewa. 'Yan'uwa masu tebur suka sa mini suna Meteyo, yadda mutanen Nijar ke kiran masu faɗin yanayi a rediyo. Ina nuna ban damu ba, amma a ciki ina jin daɗi.

Abin da ya ƙara kumbura mini kai wata guguwa ce da aka yi shekarun baya. Kwana da kwanaki masu talabijin suna ihu a kanta. Ga wani da rigar ruwa yana tangaɗi a bakin teku, ga taswira da jan abu yana juyawa kamar katantanwa. Aka tsayar da jiragen ƙasa, aka manna wa tagogi salatif, mutane suka wawushe burodi da ruwan gora kamar za a shiga yaƙi. Ni na ce wannan ba ta da komai a cikinta. Na sayar da tocila da batir har suka ƙare. Da gari ya waye, abin da ya faɗi a layinmu reshen bishiya ɗaya ne da kwandon shara. Daga baya wata ta zo ta yi ɓarna ta gaske, ta ci gidaje da rayuka, amma a can bakin teku. Mu da ke kan tudu ko wuta ba ta ɗauke mana ba. Sai na yanke wa kaina hukunci biyu. Na farko, guguwa matsalar mutanen bakin teku ce. Na biyu, masu talabijin 'yan kasuwa ne irina, ni ina sayar da tocila, su suna sayar da tsoro. Na biyun har yau ban janye shi duka ba. Amma ko mai tallan magani maƙaryaci ne, ba shi ke nuna babu cutar ba.

Ana nan sai mahaifin matata ya zo daga gida don a yi masa aiki a ƙugu. Dattijo ne da ya haura saba'in, mutumin bakin kogi daga wajen Gaya ta Nijar, ya yi rayuwarsa cikin kwale-kwale da taru. Siriri, mai fara'a, ba ya raina kowa. Shi ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai rigar jikina, da danginsa suka yi gunaguni ya ce shi mutum ya gani, ba kaya ba. Ina ƙaunarsa fiye da yadda bakina ya taɓa faɗa. Amma kun san surukuta irin tamu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban ci abinci a gabansa ba, ban zauna kan kujera yana wurin ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce maigida. In ina da magana matata ke kaiwa, in yana da amsa ita ke kawowa, ko da bango ɗaya ne tsakaninmu.

Gidan da muke haya ƙarami ne, a gindin wata gangara. Muna da ɗaki da falo, sai besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda nake ajiye kwalayen kayana. 'Ya'yanmu sun girma sun koma wata jiha. Matata ta so ta shimfiɗa wa mahaifinta a falo, ya ƙi. Ya ce ba zai kwana ƙofa da ƙofa da ɗakin auren 'yarsa ba, kuma ba zai shiga bayin da surukinsa ke shiga ba. Shi da kansa ya zaɓi besmen. Muka share, muka sa gado da darduma. Akwai ɗan bayi a ciki, akwai ƙofar baya mai taka uku da yake iya hawa da ƙarfen dogarawarsa. Matakalar cikin gida kuwa doguwa ce, a tsaye take kamar tsani, ba ta mai sabon ɗinki ba ce. Gaskiya na ji sanyi a raina da ya zaɓi can. Kowace safiya in sauka, in cire takalmi, in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe shi, in ɗauki kwalina in fita. Zaman ya yi mana daidai mu duka biyu.

Sati uku da yi masa aiki, aka fara maganar wata guguwa. Ta afka wa jihohin kudu, can nesa, ta yi abin da ta yi. Aka ce ƙarfin iskarta ya karye, ragowarta ce ke tahowa wajenmu, amma tana ɗauke da ruwa mai yawa. Matata tana aikin kula da wata tsohuwa a Flatbush, wata unguwa mai nisa da mu, kuma ita mai bin waɗannan abubuwa ce. Kwana biyu tana nuna mini waya, ga kore ya koma ja a kan unguwarmu. Ta sayi ruwa, ta caja wayoyi, ta yi miyar kwana biyu. Ni ina kallonta ina dariya a ciki, don ma'aunina daban ne. Na lura masu talabijin ba su yi ihu irin na da ba, ba a tsayar da jirgi ba, kuma a teburina ba wanda ya tambayi tocila ko batir. Na saba auna girman guguwa da yawan tocilar da na sayar. Na ce mata wadda ta zo da ƙafafunta ma ba ta yi mana komai ba, balle gawarta. Ta ce wannan karon ba iska ake faɗa ba, ruwa ake faɗa, kuma an ambaci masu kwana a besmen. Ranar da ake jiran ruwan, aikin kwana gare ta, sai washegari za ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta ce, "Don Allah, kafin la'asar ka hau da Baba sama. Na yi masa magana, ya ce sai abin da maigida ya gani." Na ce to.

A nan zan faɗi gaskiyata. Da na ce to, ba guguwar nake tunani ba, falon nake tunani. Ni da surukina mu biyu, babu ita a tsakani. Ni zan riƙe shi mu zaga ta waje mu shigo, ni zan kai masa abinci, ni zan kama shi zuwa bayi, ya ji tarina in ji nasa. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da duk jan launin da ke cikin waya. Sai na nemi hujja, kuma hujja ba ta wuya ga mai nemanta. Na fita na dubi gabas. Tas take. A garinmu hadari daga gabas yake tasowa, ka gan shi baƙi ƙirin, ya turo iska gabansa, sannan ruwa. Duk daɗewata a ƙasar nan ban taɓa yarda cewa nasu yakan zo wa mutum ta baya ba.

Na sauka gaisuwa. Na tarar ya ɗaure Alƙur'aninsa da fasfo da magunguna cikin leda, ya rataye a jikin bututun da ke bin rufin ɗakin. Na gani, na kawar da kai. Bayan mun gaisa, maimakon ya sallame ni yadda ya saba, sai ya yi gyaran murya. Yana duban bango, ba ni ba, ya ce tun jiya kyankyasan ɗakin nan suke hawa sama, kuma ramin ruwan da ke tsakar ɗaki yana fitar da wani wari. Ya ce a garinsu in tururuwa ta kwashi ƙwanta ta hau tudu, sukan ɗaure kwale-kwale da igiya biyu. Iyakar abin da dattijo irinsa zai iya faɗa wa suruki ke nan. Ba zai buɗe baki ya ce ɗauke ni ka kai ni ɗakinka ba. Na fahimta sarai. Na ce haka ne Baba, Allah ya kiyaye. Ya ce amin, Allah ya ba da kasuwa. Na ɗauki kwalin laima biyu na fita.

A bakin titi, wani ɗan Gana mai shagon kayan abinci kusa da teburina, abokin tsokanata, ya leƙo ya ce, "Meteyo, yau wa za mu bi, kai ko waya?" Na tambaye shi ko wayarsa ta taɓa noma. Aka yi dariya. Ya ce shi dai ya ɗora buhunan shinkafarsa kan benci, in ruwa bai zo ba shinkafa ba za ta yi fushi ba. Na ce masa tsoro ne ya hana mutanen Kumasi tsawo. Ya ce taurin kai ne ya hana na Adar ƙiba. Na ce za a yi ruwa, amma ruwan laima, ba na jirgin Annabi Nuhu ba. Da azahar sama ta yi toka-toka, iska ta tsaya cik. La'asar ta yi, na tuna alkawarina, na ce bari in ƙarasa wannan kwalin. Yayyafi ya fara, kasuwa ta buɗe, mutane na fitowa daga tashar jirgi suna miƙo hannu. Matata ta kira sau biyu ban ɗauka ba, domin na san tambayar.

Dab da magariba sai aka buɗe sama. Ban taɓa ganin irinsa ba, kamar ana juye ganguna. A lokaci ɗaya wayoyin duk waɗanda suka fake a rumfar shagon suka ɗauki wata ƙara mai tayar da tsikar jiki. Ɗan Ganan ya karanta, fuskarsa ta sauya, ya ce ana cewa duk wanda ke ƙarƙashin ƙasa ya hau sama yanzu. Ya dube ni ya ce ina tsohon. Na bar tebur da kaya na fita da gudu. Motoci sun tsaya, titi ya zama kogi, marufan ramukan titi suna tsalle, ruwa na tunkuɗo su daga ƙasa. Da na iso kan gangararmu na ga duk ruwan unguwa hanya ɗaya yake bi, kuma ƙarshen hanyar bayan gidanmu ne. Shekaru ina cewa muna kan tudu. Ban taɓa lura cewa a kan tudun ma mu ne a kwari ba.

Ƙofar baya ta nutse har rabi, ba ta buɗuwa. Na zaga na shiga ta gaba, na buɗe ƙofar matakala. Duhu, wutar ƙasa ta ɗauke, sai ƙarar ruwa. Da hasken waya na sauka. Ruwan ya kai mini cinya, ga sanyi, ga wari, ga hulunana suna yawo a kai. Na haska. Ga shi zaune kan teburin da nake jera kaya, ya jawo kansa ya hau ban san ta yaya ba, ƙafar da aka yi wa aiki a miƙe, ruwa na lasar ta. Hularsa na kansa, ledar nan ya rataya ta a wuya, carbi a hannu. Da hasken ya same shi sai ya ce, "Maigida, sannu da dawowa. Ya kasuwa?"

Don ku san yadda al'ada ke kama mutum, wallahi sai na ji ina ƙoƙarin durƙusawa cikin ruwan. Na ce kasuwa alhamdu lillahi. Na tsaya ina jujjuya ta ina zan kama shi, ko in koma in nemo maƙwabci. Ruwa na ƙaruwa, ina jin sa yana hawa jikina. Karo na farko a rayuwata ya dube ni cikin ido. Ya ce, "Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Juyo bayanka."

Na juya, na sa wayar a baki, ya rungumo wuyana. Ba shi da nauyi, kamar damin kara. Daga nan shi ya karɓi tuƙi. Bakinsa a kunnena, muryarsa ko rawa ba ta yi. Ya ce kada in ɗaga ƙafa, in ja ta a ƙasa, don murfin ramin nan ya tashi. Ya ce in nisanci bangon da akwatin wuta yake. Ya ce kada in yi faɗa da ruwa, in bi shi a karkace. Na bi duk abin da ya ce, ni da ban saba bin maganar kowa ba. Mun hau taka na uku ke nan sai ƙofar baya ta ɓalle. Ruwan ya shigo gaba ɗaya, ya doke ni, teburin da yake zaune a kai ya kife ya bugi bango. Na faɗi kan gwiwa, ƙugunsa ya bugu da ƙarfen matakala, na ji ya ja numfashi ta haƙora, amma bai yi ƙara ba. Cewa ya yi in tashi, saura tara, ya ƙirga su tun ranar da ya zo. Da rarrafe muka ƙarasa. Kafin a kira isha'i ruwa ya taɓa rufin besmen.

Duk abin da na guje wa da safe na yi shi a yammacin nan, har da ƙari. Na tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, na wanke masa jiki da ruwan ɗumi, na sa masa rigata da wandona, na naɗe shi da bargon gadonmu. Na dafa shayi, na ɗumama miyar da 'yarsa ta bari. Na ajiye masa kwano zan koma kicin, ya ce in zauna, wanda ya goya ka ba ya cin abinci a bayan ƙofa. Muka ci kwano ɗaya. Ban san abin da na ci ba. Na kira matata, ta ɗauka nan take, na ce yana sama, yana shan shayi. Ta ce tun yaushe. Na fara kame-kame. Ta ce in ba ta shi. Na ji yana ce mata lafiya lau, maigida ya zo a kan lokaci, 'yar jiƙa ce kawai. Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, kuma da zagina ya yi da bai yi mini ciwo haka ba.

Asirin bai rufu ba. Washegari matata ta dawo ta ga laka har saman ƙofar besmen. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, ƙazamin ruwan ya shiga ɗinkin. Aka koma asibiti, aka sake buɗe wurin, ya yi makonni a kwance, akwai kwanakin da likitoci ba sa ba mu amsa kai tsaye. A lokacin muka ji labarin waɗanda ruwan ya rutsa da su a irin ɗakinmu a wasu unguwanni, ba su fito ba. Matata ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, shi ke nan. Sau ɗaya ta yi magana, a hanyar asibiti. Ta ce, "Na bar maka ubana, ka ce to."

Da ya fara samun sauƙi, na zaɓi ranar da ba ta nan na je. Na zauna kan kujera kusa da gadonsa. Na ce Baba, na ji maganar tururuwa, na gane ta, na yi kamar ban gane ba. Na ce ba sama ce ta ruɗe ni ba, kunya ce, na fake da sama. Na roƙe shi gafara. Ya yi dariya har ya dafe wurin ɗinkin. Ya ce shi ma yana da nasa laifin. Ya ga ruwa tun yana nesa, yana da baki, yana da waya a aljihu, amma ya zauna yana ba ni labarin ƙwari. Ya ce duk tsawon rayuwarsa a kogi bai taɓa jin nauyin ce wa mutum jirginka zai nutse ba, sai da ya zo gidan suruki. Ya ce, "Da mun tafi, da an ce ruwa ne. Alhali ladabi ne ya ci mutum biyu." Sannan ya ce ya yafe, kuma in daina sunkuyar da kai, ya gaji da hira da tsakiyar hulata.

Da aka sallame shi falo ya dawo, bai yi gardama ba. Wata huɗu muka yi tare. Ni nake kama shi zuwa bayi, ni nake yanke masa farce. Da yamma mu zauna mu kalli masu hasashen yanayi, ina fassara masa ɗan abin da nake ji, yana gyara musu. Ya ce mutanen nan sun san ruwa, sai dai sun cika surutu, mai hankali yakan tsince hatsi ya bar ƙaiƙayi. Matata ta sauko a hankali. Ranar da ta shigo ta tarar muna gardama kan kifin kogi da na teku, ta tsaya tana kallonmu, ta ce ashe dama bakinku na aiki. Ya koma gida da sanda. Ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma ba zai sake shiga kwale-kwale ba. Wannan ni na jawo, ko ya yafe ko bai yafe ba. Yanzu duk lokacin da ya ji a rediyo an ce guguwa ta taso a Amurka, ko da a jihar da ta fi nisa da mu ne, sai ya aiko mini da saƙon murya ya ce ɗana, ka hau sama.

Abin da na koya ba shi da yawa. Masu talabijin suna ƙara gishiri, gaskiya ne, za su sa ka sayi burodin da ba za ka ci ba. Amma ƙarfin ihunsu ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Wadda suka fi yi wa ihu ba ta taɓa ni ba, wadda suka kira ragowa ita ta shigo mini gida. Kada ka tsaya kan yadda suke faɗa, saurari abin da suke faɗa: iska ce ko ruwa, kuma su wa aka ce su tashi. In an ambaci irin ɗakinka, da kai ake. In ka tashi kuma ba abin da ya faru, kwanan kujera ɗaya ka yi asara. Duban saman da ka koya a garinku kuwa, na garinku ne.

Sai ku 'yan'uwana da ke nan, masu iyaye da surukai da baƙi a besmen, don na san muna da yawa. Dattijonmu ba zai ce maka yana tsoro ba. Zai kewaya, ko ya ce sai abin da ka gani, ya ɗaure kayansa ya zauna yana jira. Ban ce a yar da kunya ba, har yau in ya kira ni a waya sai na miƙe tsaye. Amma in ka ji kana laluben hujjar da za ta hana ka yin abu mai nauyi, ka tambayi kanka jikin wa zai sha in hujjar ta karye. Ni ba nawa ne ya sha ba. Ka sauka tun rana na sama, tun ƙasa na bushe, ka buɗe baki ka ce Baba, taso mu hau. Nauyin bakin nan bai kai nauyin mutum a baya cikin ruwa ba, kuma ba kowa ne ke kai wa matakala kafin ƙofa ta ɓalle ba.